Zanen Ruwa a Jikin Giyayya

Shekarun baya, tun Turawa na mulkin ƙasar nan, na taɓa yi wa wani likita ƙarya. Kalma biyu ce rak, kuma ba ni kaɗai na yi ta ba, gari guda muka taru muka yi. Sai dai ni aka duba ido da ido aka tambaya, saboda haka kasona ya fi na kowa. Na daɗe ban ba da labarin nan ba. Yanzu da yawancin waɗanda suka halarta sun riga mu gidan gaskiya, na ga gara in rubuta shi yadda ya faru.

Ƙauyenmu yana cikin fadamar kogin Hadejia, ta wajen Auyo, a kan wani ɗan tudu. Da rani mutum zai fita da hantsi ya isa garin hakimi rana ba ta gama zafi ba, yana taka busasshiyar ƙasa wadda ta tsattsage. Amma idan marka ta zauna, ruwan da ke zuwa daga yamma ya gangaro ya cika kogi ya malala, sai mu koma tsibiri wata uku, wani lokaci fiye. Shinkafarmu daga ruwan nan take, kifinmu daga shi yake. Ba mu taɓa ɗaukarsa abokin gaba ba.

A lokacin ban wuce shekara ashirin da biyar ba. Na yi elementare a Hadejia, na dawo gida, dagaci ya ɗauke ni ina karanta masa takarda ina rubuta masa amsa. Wannan ɗan aikin ya kumbura mini kai ba kaɗan ba. Ko gona zan je, alƙalami na soke a aljihu. Abokina, wani masunci da muka tashi tare, ba ya kirana da komai sai Akawu. In ya gan ni a bakin ruwa sai ya ce, “Akawu, ja da baya, kada farar rigar gwamnati ta jiƙe a zo a ɗaure mu.”

Ina da 'ya guda, shekararta huɗu. 'Yar fari ce, kun kuwa san yadda muke da ɗan fari. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane. Tun da aka yaye ta take ɗakin mahaifiyata, wadda ita ce ungozomar garin, ita kuwa ba ta ce mata komai sai “ƙawata”. Idan yarinyar ta sheƙo ta kama mini riga a ƙofar gida, sai in ɗaure fuska in ce, “Ku zo ku ɗauke yarinyar nan.” Sai na waiga na ga ba kowa, sannan in ɓantari gasasshen kifi in cire ƙaya in sa mata a baki.

Wata rana da rani takarda ta zo daga garin hakimi, na karanta ta a zauren dagaci. An ce En'e, wato hukumar gargajiya, za ta gina ɗakin shan magani guda ɗaya a gundumarmu, kuma likita Bature zai zaga ƙauyuka ya ji ta bakin talakawa kafin a zaɓi wuri. Wuri biyu ake dubawa. Ko dai garin hakimi, can ƙetaren kogi, ko kuwa wani babban ƙauye a ɓangarenmu na fadama, wanda ko da marka ana isa gare shi cikin ɗan lokaci a kwalekwale ba tare da an ƙetare babban kogin ba.

Da na gama, ba wanda ya yi murna a zauren. Wanda bai zauna a zamanin ba zai ce ai abin murna ne. Mu tsoro ne ya kama mu. 'Yan shekaru kafin nan masu neman ciwon barci sun zo, suka jera mu a rana, maza da mata, suna lalube mana wuya, wanda aka ji wa ƙulli a soka masa allura a wurin. Suka sa muka yi kwana da kwanaki muna saran itatuwan bakin rafi. Fatake kuma sun kawo labari cewa can kudu an tashi garuruwa ɗungum saboda ciwo, an kai mutane inda ba su san ƙasar ba. Ko gaskiya ne ko an ƙara gishiri, ba mu sani ba. Abin da muka sani shi ne, idan Bature ya ji muna zaune cikin ruwa ciwo na cinmu, zai iya cewa mu koma tudu. Mutumin fadama kuwa in an raba shi da ruwa, me zai ci?

Wani dattijo ya ce, “Ni dai ban taɓa ganin Bature ya yi tambaya mun kwashe lafiya ba.”

Dagaci ya gyara rawani ya ce, “To kowa ya buɗe kunne. Garin nan lafiya lau yake. Ruwa ba ya tare mu. Hanya a buɗe take rani da damina. Wanda ya ƙara a kan haka, in aka tashe mu, shi zai ɗauki alhakin kaburburan iyayenmu.” Hakimi ma, mun sani, ya fi son ginin a ƙofarsa. Magana ta ƙare.

Ba a kira mata zauren ba, amma kafin la'asar mahaifiyata ta ji komai. Na same ta tana shiƙar shinkafa, yarinyar na gefenta tana kwaikwayonta da ɗan ƙoƙo. Ba ta ɗago ba ta ce, “An ce kai za ka zauna kusa da shi.”

Na ce, “Haka aka ce, Inna.”

“To ka gaya masa. Matar maƙeri da damina ta tafi. Tagwayen gidan liman da damina. Ƙanenka ma da damina. Ni nake wanke su, na san lokacinsu. Da rani wa yake mutuwa a garin nan in ba tsoho ba?”

Na ce, “Inna, maganar manya ce, an riga an yanke.”

Ta ce, “Au, ashe karatun naka na maimaita maganar manya ne.” Ta ci gaba da shiƙarta.

Likita ya iso da hantsi a kan doki, tare da wakilin hakimi da ɗan doka guda. An yi shimfiɗa a gindin wata tsohuwar giyayya da ke gangaren gari, daidai inda hanyar garin hakimi ta fara, don nan ce inuwa mafi yalwa. A jikinta aka ɗaure dokinsa. Ita giyayya itaciyar fadama ce, cikin ruwa take yin damina. A jikin wannan akwai baƙin zane da ruwan bara ya bari, ya zagaye ta kamar an ɗaura mata igiya, ya wuce tsayin mutum. Har busasshiyar ciyawar da ruwa ya kwaso tana nan maƙale a rassan ƙasa. Duk ɗan garin da ke zaune a wurin ya san ko mene ne. Ba wanda ya ɗaga kai.

Muka zube muka ce, “Zaki!” Haka ake gaida Bature a lokacin. Dogo ne, rana ta ƙona masa wuya ya yi ja. Yana jin Hausa, ko da yake a karkace take fita. Ya tambayi ciwon da ya fi damunmu, dagaci ya ce sai dai ɗan mura. Ya tambayi ruwan sha. Sannan ya ce, “Idan an gina a garin hakimi, da damina za ku iya zuwa?”

Dagaci ya ce, “Zaki, ai ga hanya, kai ma ita ka biyo.”

Jama'a suka amsa baki ɗaya, “Gaskiya ne.”

Ban sani ba ko amsar ce ta yi masa sauri. Ya juyo wajena, ya ga takarda a cinyata, ya ce, “Malam, kai ka yi makaranta. Haka ne?”

Na dubi ɗan doka, na dubi bayan rawanin dagaci. Na hango abokina can baya ya zuba mini ido. Zanen nan yana bisa kan likita, miƙa hannu kawai ya isa, ba sai na yi magana ba. Na ce, “Haka ne.” Ya rubuta.

A hanyar gida abokina ya ce, “Akawu, yau ka busar da kogi da bakinka. Gobe sai in ba da kwalekwale a ba ni jaki.” Aka yi dariya. Wallahi har da ni aka yi dariyar.

Kafin ruwa ya sauka an gama gini a garin hakimi, aka rufa shi da kwano. Daga bakin tudunmu, in rana ta daki kwanon, ana hango ƙyallinsa. Aka kawo malamin asibiti. Mutanenmu suka yi ta zuwa da ƙafa, ana wanke musu gyambo, ana ɗiga musu maganin ido, kowa na yabo. Na ce a raina, ashe ba mu yi asara ba.

Sai marka ta zo, ruwan shekarar kuma ya fi na bara. Zazzaɓi ya kama yarinyar. Mahaifiyata ta yi duk abin da ta sani, jiƙo, turare, rubutun liman. Kwana biyu jiki kamar garwashi. A rana ta uku da safe ta fara jijjiga, haƙora suka datse, ido ya juye. Uwarta ta fita tsakar gida tana salati. Mahaifiyata ta leƙo ta ce, “Wannan ya fi ƙarfina. A kai ta gidan kwanon nan.”

Babban kwalekwalen garin ya tafi Hadejia da bandar kifi, bai dawo ba. Saura na abokina, ƙarami, mai yoyo, ba ya ɗaukar babba fiye da biyu. Na ce Inna ta shiga, ita ta saba riƙe ta. Ta ce, “Wa zai kwashe ruwa? Kuma kai ka iya magana da su.” Ta naɗe yarinyar cikin zanenta ta miƙo mini. Rabin gari na tsaye a bakin ruwa. Ranar na fara ɗaukar 'yata a gaban mutane.

Hanyar da muke bi da ƙafa ba ta biyuwa, ciyawa da shinkafa sun cushe ta, sai an zaga ta magudanai. Muka wuce giyayyar nan, ruwa ya haɗiye zanen bara. Abokina na tsaye a baya da doguwar sanda yana tura mu, ni ina zaune, hannun hagu na rungume da ita, na dama na kwasar ruwa da ƙoƙo. Zafin jikinta yana ratsa zanen yana shiga ƙirjina. Can ta lafa, ta buɗe ido ta dube ni, kamar tana mamakin ganina kusa haka. Can kuma jijjigar ta dawo.

Abokina ya yi ta jan magana don kada in yi tunani. “Akawu, kwashe da kyau mana, ba tawada ba ce.” Can ya bar wasan ya mai da hankali ga sandarsa.

Azahar ta yi muna bakin babban kogin. Ban taɓa ganinsa haka ba, ja wur, yana tafe da rassa da bunun ɗakunan mutane. Sanda ba ta taɓa ƙasa. Ga hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara ɗaga ruwa tana watso mana ciki. Abokina ya ce, “In muka shiga yanzu, mu uku za a nema.” Ya ja mu ƙarƙashin wata itaciya ya ɗaura igiya a reshe. Nan muka zauna ruwan sama na dukanmu. Na tuɓe farar rigar na lulluɓa mata, na sunkuya a kanta. Cinnakun da suka gudo wa ruwa suka hau itaciyar suna zubo mini a baya, ban iya ko sosawa ba. Ina tsoron kogin, ina tsoron maciji a reshen, amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne numfashinta, yadda yake ɗaukewa, in jira, in jira, sannan ya dawo.

Wajen la'asar aka ɗauke ruwa, rana ta fito. Ta daki kwanon nan a ƙetare, ya yi ƙyalli, kusa ƙwarai, har ina ganin mutane na wucewa ta gabansa. Abokina ya kwance igiya ya ɗauki filafili muka shiga. Muna tsakiya na ji jikinta ya saki. Na jira numfashin ya dawo. Na kira sunanta. Na sake kira da ƙarfi, sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa mata shi.

Abokina ya bar tuƙi, ruwa ya fara janmu. Ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Sannan a hankali ya kira ni da sunana na yanka, ba Akawu ba, ya ce, “Mu ƙarasa, ko mu juya?”

Na ce mu juya.

Mun iso ana shirin kiran magariba. Mahaifiyata na tsaye inda muka bar ta. Ta dubi yadda na rufe fuskar da rigata, ta zauna a ƙasa. Ba ta zarge ni ba, ranar ko bayanta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba zan ce da ginin yana ɓangarenmu da ta rayu ba. Wannan Allah kaɗai ya sani. Abin da na sani shi ne da mun isa da hantsi.

Da rani ya dawo, takarda ta sake zuwa. Likita ya duba littafin malamin asibiti ya ga duk tsawon ruwa ba wanda ya zo daga ƙauyukan fadama, yana so ya ji dalili. Dagaci ya tara mu ya ce a ce aikin gona ne ya hana. Yana faɗa yana kallon ƙasa, don shi ma ya binne jika a daminar.

Tsoron bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. In na yi magana aka tashi garin, ina zan sa kaina? Da safen ranar da likita zai zo, mahaifiyata ta ajiye mini kunu ta ce, “In ba za ka iya ba, ba ni rigar da hular in je.” Iyakar maganarta ke nan.

Aka zauna a gindin giyayyar. Dagaci ya faɗi abin da aka shirya. Likita ya juyo, ya gane ni, ya ce, “Malam?”

Na miƙe. Na shirya jawabi mai tsawo, duk ya gudu. Na taka zuwa jikin itaciyar, na yi ɗage, na miƙa hannu, yatsana bai kai sabon zanen ba. Na ce, “Zaki, nan ruwa yake kaiwa. Bara ma da ka zo akwai irinsa. Ƙarya na yi maka.”

Wani ya ce “Subhanallahi” a bayana. Ɗan doka ya gyara tsayuwa. Likita ya taso ya tsaya kusa da ni, ya daɗe yana kallon zanen, fuskarsa ta ƙara ja. Na ce a raina shi ke nan, na kashe garinmu.

Ya ce, “Don me ba ku faɗa ba?”

Abokina ne ya amsa daga can baya. “Zaki, tsoro muka ji ka tashe mu. In ka kai ni tudu, ƙadangare zan riƙa bandawa?” Wasu suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Likita ya ce tashin gari ba aikinsa ba ne. Bai ce ba za a yi ba, cewa ya yi ba aikinsa ba ne, mun kuwa lura da bambancin. Ya ce gini ya ginu, ba mai ɗaga shi, kuma ba za a yi na biyu ba. Sannan ya koma ya zauna, ya buɗe littafi, ya ce, “To yanzu me kuke so a yi?”

Muka dubi juna. Abokina ne ya fara. Ya ce malamin asibiti ya riƙa ƙetarowa da damina sau biyu a mako, masunta za su ɗauko shi su mayar bi da bi, kuma babban kwalekwale ba zai ƙara kwana a Hadejia ba in ruwa ya cika. Liman ya ce gari zai yi masa ɗaki. Wani ya ce kada a sa ranar kasuwa. Sai murya ta fito daga bayan dangar da mata suka laɓe: “Ciwon yara ba ya jiran ranar malam. A bar maganin zazzaɓi a nan, a nuna mini yadda ake ba da shi.”

Dagaci ya ce, “Wace ce wannan? Ku hana ta!” Likita ya ce a bar ta. Ya sa ta matso bakin danga, ya yi ta tambayarta, wane wata, wane ciwo, yara ko manya. Ta ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya, ko sau ɗaya ba ta ce Zaki ba. Abin da ta faɗa masa a tsayen nan ya fi duk abin da mu maza muka faɗa a zama biyu.

Kada a ɗauka daga nan sai daɗi. Dagaci ya karɓe aikin karatu ya ba wani. Wata da watanni mutane na amsa gaisuwata da ƙyar. Duk ranar da aka hango ɗan doka a hanya sai in ce yau takardar tashi ta zo. Ba ta zo ba. Daminar farko ba a yi komai ba. Sai ta biyu malamin ya fara ƙetarowa, rungume da akwatinsa, yana salati duk lokacin da kwalekwale ya karkata, abokina na ce masa, “Malam, riƙe da kyau, in kun faɗa ruwa, akwatin za mu fara ceta.” Aka bar wa mahaifiyata kwalbar ƙwayoyi da cokali. Ta riƙe aikin har ta rasu. Na ga yara da yawa da aka kawo mata jiki kamar garwashi. Wasu sun tafi, wasu yau suna da 'ya'ya.

Na yi shekaru ina juya abin nan a raina. Likitan ya kyauta da ya tambaya, amma ya zo da rani, ya zo da ɗan doka, ya zauna da maza zalla a gaban wanda suke jin nauyi. Mu kuma muka ba shi amsar da muke zaton za ta kare mu. Wadda ta san gaskiyar tana bayan danga. Har yau in na ji an ce an tara jama'a an ji ta bakinsu, kowa ya yarda, sai in tambaya wa ya zauna a gaba, wa aka bari a gida.

Tsoron bai bar ni ba. Na tsufa, amma in aka ce “Akwai mai magana?” yakan kama ni kamar ranar. Sai dai ina miƙewa.

Giyayyar tana nan. Bana da rani na bi ta gindinta da wata jikata, wadda aka mayar wa sunan waccan. Ta tsaya ta ɗaga kai, ta ce wa ya yi wa itace zane can sama. Na kira ta da sunanta, na ɗora ta a kafaɗa, na matsa har ta taɓa shi da hannunta.